Gyauron da Feshi Ba Ya Kashewa

Kusan shekara talatin ke nan manoma a Kanada da Amurka da Ajantina da Barazil suke fama da wata ciyawa wadda ba daga daji ta shigo musu gona ba. Masararsu ce ta bara, ko waken suya, ko auduga, ta zube a ƙasa lokacin girbi, ta tsiro bana a tsakiyar wani amfanin, kuma da aka yi mata feshi sai ta ƙi mutuwa, domin tun daga ɗakin bincike aka gina ta a kan kada maganin ya kashe ta. Gyauro ba baƙon abu ba ne ga manomin Kumo ko na Billiri, yana ganinsa duk farkon damina, kuma feshin share gona ko noman fari kan tafi da shi ba tare da an tsaya yi masa wani tanadi na musamman ba. Abin da ya sa wannan gyauron ya cancanci a zauna a yi nazarinsa shi ne yana jure ainihin maganin da manoman jihar Gombe suka koma dogaro da shi a 'yan shekarun nan, tun da kuɗin ƙwadago ya yi tsada, shanun huɗa kuma suka fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi.

Maganin da ake magana a kansa shi ne gilaifoset, wanda kamfanin Monsanto ya fara sayarwa a 1974 da sunan Roundup, kuma shi ne sinadarin da ke cikin da yawa daga magungunan share gona da ake sayarwa a shagunanmu, ko da sunan da ke jikin galan ya bambanta. Idan ganye ya sha shi, yakan gangara har saiwa, ya toshe wani sinadari da tsiro ke dogara da shi wajen haɗa abubuwan gina jikinsa, bayan mako ɗaya ko biyu tsiron ya yi rawaya ya bushe. Masu bincike sun sami wata bakteriya ta cikin ƙasa wadda nata sinadarin ba ya jin gilaifoset, suka ɗauko ƙwayar gadon da ke samar da shi suka dasa a cikin waken suya, aka sake shi ga manoman Amurka a 1996, sannan kanola (wani tsiron da ake matsar mai daga gare shi) da auduga da masara suka biyo baya. Amfanin abin a bayyane yake, kuma rashin adalci ne a ɓoye shi: manomi zai yi feshi a kan shukarsa da ciyawar gaba ɗaya, ciyawa ta mutu, shuka ta tsaya. Wannan sauƙin ne ya sa a yau fiye da kashi 90 cikin 100 na waken suyan da ake nomawa a Amurka irin wannan ne.

Matsalar ta fara bayyana ne a wurin da ba a zata ba, wato wajen juya amfanin gona. Manomin Amurka kan shuka masara bana, waken suya baɗi, kuma kafin zuwan wannan iri, masarar da ta zube daga injin girbi ta tsiro a cikin wake abu ne da ake gamawa da shi cikin sauƙi. Da masarar da waken suka zama duka masu jure gilaifoset, sai ya kasance feshin da zai kashe kowace ciyawa a gonar wake ya bar guda ɗaya tak, ita ce masarar bara. Masara kuwa ta fi wake tsayi da faɗin ganye da ƙarfin saiwa, tana yi masa inuwa, tana cinye takinsa, kuma idan zangarniya guda ta faɗi aka binne ta, sai ta fito a dunƙule, tsiro goma ko ashirin a wuri ɗaya. Dole manomi ya sayi magani na biyu, irin mai kashe dangin ciyayi masu siririn ganye kawai, ya haɗa da na farko. Kamfanoni sun amsa wannan da sauran matsalolin ciyawa ta hanyar tara juriya a kan juriya, har aka sami irin waken suya mai jure magani uku, da masara mai jure wasu daga cikin magungunan da a da ake kashe gyauronta da su. Duk juriyar da aka ƙara wa iri, an rage wa manomi makami ɗaya ke nan a shekarar da irin zai dawo masa a matsayin ciyawa.

Inda al'amarin ya fi tsanani shi ne a kan kanola, wani tsiro mai ƙananan 'ya'ya kamar na riɗi da ake matsar mai daga gare shi, wanda Kanada ta yi fice wajen nomansa. Kwanson kanola yana fashewa da wuri, don haka duk girbi sai dubban 'ya'ya sun zube a kowane murabba'in mita, ninki da yawa na abin da aka shuka tun farko, kuma wanda ƙasa ta rufe yana iya kwanciya shekaru bai tsiro ba. Ga shi kuma iska da ƙudan zuma suna ɗaukar ƙurar furensa daga gona zuwa gona. A 1997, a arewacin lardin Albata, an shuka kanola iri uku a filaye masu maƙwabtaka, kowanne da maganin da yake jurewa. A shekara mai zuwa sai ga gyauro ya tsallake feshin gilaifoset a filin da ba a taɓa shuka mai jure shi ba, kuma da aka gwada zuriyar wannan gyauro, aka sami wadda ta haɗa juriyar magani biyu, har da wadda ta haɗa duka ukun. Ba wani kamfani da ya ƙera wannan tsiro, barbara ce kawai tsakanin gonaki ta haɗa shi. Manoman yankin sun koma ƙara tsofaffin magunguna irin su 2,4-D a cikin feshinsu, kuma suna shawo kan abin, amma da ƙarin kuɗi da ƙarin sinadari a ƙasa, alhali alƙawarin farko shi ne za a rage duka biyun.

Kanolar ba ta tsaya a gona ba. A 2010 masu bincike sun bi dubban kilomitoci na hanyoyin jihar Dakota ta Arewa da ke Amurka suna gwada wadda ta tsiro da kanta a gefen titi, suka tarar kusan kashi 80 cikin 100 tana ɗauke da ƙwayar juriyar magani. Japan ba ta noman kanolar da aka sauya wa halitta, sayo 'ya'yanta take yi don matsar mai, amma tun tsakiyar shekarun 2000 ake samun ta tsiro a kewayen tashoshin jiragen ruwa da kan hanyoyin da manyan motoci ke bi zuwa masana'antu. A Suwidin an yi gwajin irin wannan a wani fili a 1995, aka yi ta lura da filin ana kashe duk abin da ya fito, amma bayan shekara goma aka sake samun tsiron da ke ɗauke da ƙwayar.

Misali biyu daga jihar Origon ta Amurka sun fi ba ni tsoro, domin dukansu daga filin gwaji suka fita, ba daga kasuwa ba. Na farko wata ciyawa ce da kamfanonin Scotts da Monsanto suka sauya wa halitta don shimfiɗawa a filayen wasan golf. An gwada ta a 2003, aka gano ƙurar furenta ta yi barbara da 'yan uwanta har a nisan kilomita 21, ma'aikatar noma ta Amurka ta ci tarar Scotts dala 500,000 a 2007, kuma daga baya aka sami ciyawar ta kafu a bakin magudanan ban-ruwa a gabashin jihar, wurin da magungunan da doka ta yarda a fesa kusa da ruwa 'yan kaɗan ne, gilaifoset kuma shi ne babbansu. Na biyu alkama ce. A 2013 wani manomi ya yi feshin share gona, ya ga wata alkama ta ƙi mutuwa, gwaji ya nuna irin da aka daina gwadawa ne shekaru da suka wuce, wanda ba a taɓa ba da izinin sayar da shi ba. Japan da Koriya ta Kudu suka dakatar da sayen wani nau'in alkamar yankin na ɗan lokaci, manoman da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba suka shiga zullumin kasuwa.

Akwai wani abu daban da ake yawan cakuɗawa da wannan, kuma ya kamata a raba su. Ciyayin daji da kansu suna koyon jure magani ba tare da sun karɓi ƙwayar gado daga kowane iri ba. A cikin miliyoyin tsirrai akan sami 'yan ƙalilan da halittarsu ta ɗan bambanta, idan aka yi ta fesa magani ɗaya shekara da shekaru sai a kashe sauran a bar su, su ne za su yi 'ya'ya su cika gonar, kamar dai yadda zazzaɓin cizon sauro ya daina jin kulorokwin bayan an daɗe ana sha. An fara ganin wannan ga gilaifoset a Ostireliya a 1996, inda ba a noman iri mai jure gilaifoset a lokacin, aka gan shi ga ciyawar tuji a Malesiya, sannan a tsakiyar shekarun 2000 wani ɗan uwan alayyafo ya addabi gonakin auduga a jihar Jojiya ta Amurka har aka koma ɗaukar ma'aikata suna tugewa da hannu. A yau nau'in ciyayin da aka tabbatar suna jure gilaifoset sun haura 50. Iri mai jure magani bai ƙirƙiri wannan ba, amma ya hanzarta shi ƙwarai, domin ya mai da feshin magani ɗaya abin da ake yi sau biyu ko uku a damina a fili guda.

A nan nake ganin ya wajaba a faɗi gaskiya ga ɓangarorin biyu. Ƙwayar juriyar magani ba ta mai da tsiro dodo. Galibi ba ta ƙara masa saurin girma ko yawan 'ya'ya, kuma a wurin da ba a feshi ba ta ba shi wani fifiko a kan 'yan uwansa. Fartanya tana kashe shi, garma tana kashe shi, akuya tana cinye shi. Haka kuma matsalar ba ta taƙaita ga irin da ake kira GMO ba, wato wanda aka dasa wa baƙuwar ƙwayar gado. Shinkafar Clearfield da aka fitar a Amurka a farkon shekarun 2000 ba a dasa mata baƙuwar ƙwaya ba, ta wata hanyar kiwon iri aka samar da juriyarta, amma cikin 'yan shekaru juriyar ta tsallaka zuwa jar shinkafa mai zubar da 'ya'ya, wadda ita ce ciyawar da aka fitar da irin don a yaƙa. Saboda haka tambayar da ta dace ba ta tsaya ga yadda aka samar da iri ba, ta haɗa da halinsa: yana zubar da 'ya'ya, 'ya'yan suna daɗewa a ƙasa, ƙurar furensa tana tafiya nesa, yana da dangi a jejin da ke kewaye da gonar?

To ina muka tsaya a Najeriya? Hukumar da doka ta ɗora wa alhakin ba da izini a kan irin da aka sauya wa halitta ita ce NBMA, wadda aka kafa a 2015. Irin da aka sauya wa halitta da suka isa hannun manoma su ne audugar da aka amince da ita a 2018, da waken SAMPEA 20-T na 2019, da masarar TELA ta 2024, dukansu da hannun Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke Zariya. An gina su ne don jure tsutsa, masarar kuma har da fari, ba don jure maganin ciyawa ba, don haka gyauronsu yana mutuwa da feshi kamar na kowane iri, kuma duk wanda ya ce wa manomi akasin haka ya ruɗe shi. Sai dai ƙofar ba a rufe take ba. Tun a 2016 hukumar ta ba da izinin gwajin masara mai jure gilaifoset a killataccen fili, Afirka ta Kudu ta daɗe tana noman masara da waken suya irin wannan, kuma a shekarun ƙarancin abincin kaji akan shigo da masara da waken suya daga ƙasashen da yawancin abin da suke nomawa irin wannan ne. Indiya ta nuna cewa izini ba shi ne kaɗai hanyar shiga ba, domin audugar da ke jure gilaifoset ta bazu a gonakin jihohi da dama ta hannun dillalan bayan fage ba tare da gwamnati ta amince da ita ba.

A duba yadda ake shirya gona yanzu a ƙasar Akko ko Yamaltu-Deba idan ruwa ya sauka. An bar ciyawa ta ɗan taso, matashi ya goya famfon feshi, ya auna magani da gwangwanin madara ya zuba, ya cika da ruwan rafi, ya bi kunya-kunya. Bayan kwana goma filin ya koma ruwan ƙasa, a shiga shuka ko a ta da kunya. A ce a cikin wannan bushewar ga masara nan jefi-jefi, kore shar, ko gezau ba ta yi ba. Abin da zai fara zuwa zuciyar mai gona ba ƙwayar gado ba ce, zai ce an sayar masa da jabu ne, kuma yana da hujjar zargin haka, tun da jabun magani ba ƙarya ba ne a kasuwanninmu. Zai koma shago ya ce, "Alhaji, maganin nan naka bai ci ba." Mai shago, wanda shi ma bai san abin da ke faruwa ba, zai ce, "Malam, ƙara gwangwani ɗaya ka sake bi." A ƙara, a sake bi, masarar tana nan, kuɗi ya tafi, lokacin shuka ya matso, ciyayin da ke gefe kuma sun sami ƙarin horo a kan jure maganin. Manomin Origon ya kai alkamarsa ɗakin gwaji aka gane ko mene ne. Namu manomin yana iya shekara uku yana faɗa da mai shago a kan laifin da ba nasa ba.

Hanyoyin da iri ke yawo a wurinmu ma sun fi na Kanada yawa. Can manomi yana sayen iri a rufaffen buhu mai takarda duk shekara. Nan tsakanin abinci da iri babu katanga: mutum zai auni kwano biyu na masara a Tudun Hatsi, rabi ya tafi injin niƙa, rabi ya tafi gona, kuma idan ta yi kyau maƙwabci zai roƙi ɗan abin da zai gwada. Injin casa ɗaya yana zagaya gonaki ashirin da ragowar hatsin gonar farko a cikinsa. Buhu yana yoyo a bayan mota daga Gombe har Bauchi ko Biu. Takin gida da ake kwasa a kai gona yana tafiya da duk ƙwayar da ta faɗa cikin shara. Ga shi kuma gonakinmu ƙanana ne, kai da kai, ba tazarar da za ta hana ƙurar furen masarar wannan sauka a kan gemun masarar wancan, kuma wanda ya ajiye iri daga wannan zangarniya ya ajiye juriyar ke nan ba da saninsa ba. Sannan mafi yawan ƙananan manoma haɗa shuka suke yi, masara da wake, dawa da gyaɗa, ga kuɓewa da yakuwa a gefe, don haka maganin da Bature zai fesa ya kashe gyauron masara a cikin zallan waken suya, a gonar da ke da dawa a tsakani sai ya haɗa da dawar.

Muna da abubuwan da ke taimakonmu, kuma bai kamata a raina su ba. Mata da yara suna kala bayan girbi, dabbobi suna shiga su share abin da ya rage, gara da ɓeraye da tsuntsaye suna cin nasu, masara da waken suya kuma ba su da ɗabi'ar kwanciya shekaru a ƙasa, da ruwan farko suke tsirowa. Sai dai ba mu da ƙanƙarar hunturu da ke kashe musu gyauro a can, kuma inda ake noman rani, kamar ƙasan madatsar Dadin Kowa da ta Balanga da fadamun kogin Gongola, ƙasa ba ta hutawa, abin da ya zube a kaka yana samun ruwa a rani. Irin wannan gyauro yakan zama mafakar ƙwari da cuta tsakanin damina da damina, abin da ba ƙaramin lamari ba ne tun da tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta shigo ƙasar a 2016. A Barazil doka ce a yi wasu watanni babu ko tsiro ɗaya na waken suya a raye, har da gyauro, don a karya wata cutar ganye. Dattawan da suka yi noman auduga a ƙasar Gombe sun san irin wannan doka, lokacin da ake sa a tuge karan auduga a ƙone bayan an gama tsinka.

Babban abin da ya fi damuna shi ne dangin daji. Masara daga Meziko ta fito, waken suya daga Sin, ba su da ɗan uwa a jejinmu da za su ba ƙwayar juriya, don haka matsalarsu ba za ta wuce gyauro da cakuɗar iri ba, kuma wannan abu ne da za a iya shawo kansa. Dawa da gero da wake kuwa 'yan nahiyar nan ne, kuma kakanninsu na daji suna nan a raye. Duk mai noman gero ya san shibra, wadda ke fitowa cikin gero tana kama da shi har sai ta fitar da kai, ta zubar da 'ya'yanta kafin a zo yanka. Shibra ta samu ne daga barbarar gero da ɗan uwansa na daji, wato shaida ce a fili cewa gado yana kai da kawowa tsakanin gona da jeji tun kafin a san wani abu wai shi ɗakin bincike. Haka dawa take barbara da dawar daji ta bakin rafi, haka shinkafa take da 'yan uwa na daji a fadama masu wahalar da manomi. Wake ya fi yin barbara da kansa, amma wani bincike da aka wallafa a 2008 daga Kenya ya nuna manyan ƙudan da ke ziyartar furensa suna iya tafiyar kilomita 6. Idan aka ba ɗaya daga cikin waɗannan juriyar magani ta tsallaka zuwa jeji, babu hukuma ko kamfanin da zai iya kiranta ta dawo, kuma ciyawar da za a samu ita ce wadda ta fi kowace kama da amfanin gonar, wadda fartanya ma ba ta bambance ta sai lokaci ya ƙure. Ko a Amurka, inda aka fitar da dawa mai jure magani ta hanyar kiwon iri, an haɗa ta da sharuɗɗan juya shuka saboda tsoron danginta masu zama ciyawa.

Akwai kuma batun wanda zai ɗauki asara. Shari'ar da aka fi ambata ita ce ta Percy Schmeiser, manomin kanola a lardin Saskacewan, wanda Monsanto ta kai ƙara bayan an sami irinta a gonarsa. A 2004 kotun ƙolin Kanada ta yanke cewa ya keta haƙƙin mallakar kamfanin, domin ya ajiye irin da ya tsallake feshi ya sake shukawa da saninsa, amma ba ta ɗora masa biyan diyya ba tun da bai ci wata riba daga juriyar ba. Hukuncin ya fayyace haƙƙin mai iri, bai amsa tambayar da ta fi shafar manomin Kaltungo ba: idan irin da ban saya ba ya shigo gonata ya jawo mini kuɗin magani na biyu da na 'yan ƙwadago, wa zai biya ni?

A ganina bai dace a ce e ko a'a ga dukkan irin nan a dunƙule ba, kowane amfani da hukuncinsa. Ga dawa da gero da shinkafa da wake, ban ga ribar da za ta kai girman haɗarin ba, kuma zan so a bar juriyar maganin ciyawa nesa da su, ko ta wace hanya aka samar da ita. Ga masara da waken suya, ana iya tattaunawa, amma da sharuɗɗan da aka rubuta kafin a saki iri, ba bayan an ga matsala ba. Mai neman izini ya faɗi sunan maganin da ke kashe gyauron irinsa, ya nuna cewa ana samunsa a shagunan Gombe da Kumo da Bajoga a farashin da ƙaramin manomi zai iya, ya kuma nuna yadda za a yi a gonar da aka haɗa shuka. A rubuta a jikin buhu da Hausa, da manyan haruffa, cewa wannan iri feshin share gona ba ya kashe shi. A ba malaman gona na shirin bunƙasa aikin gona na jiha 'yan tsinkayen gwajin nan da ake tsomawa cikin ruwan ganye su nuna ko akwai ƙwayar cikin mintoci, a kuma sa Kwalejin Noman Lambu ta Tarayya da ke Dadin Kowa da jami'o'in jihar su riƙa bin gefen hanyoyi da bakin magudanai duk shekara, da kuɗin mai irin. NBMA takan buɗe wa'adin jin ra'ayin jama'a kafin ta yanke hukunci, amma sanarwar da aka buga da Turanci a jarida ba ta isa kunnen mai gona a Dukku, sai an kai ta gidan rediyo da ƙungiyoyin manoma da fadar hakimai.

Kafin a kai can, akwai abin da ke hannun manomi tun wannan daminar, wanda zai amfane shi ko irin ya shigo ko bai shigo ba. Kada ya maimaita magani ɗaya a fili ɗaya shekara bayan shekara ba tare da ya sa huɗa ko fartanya ko wani maganin a tsakani ba, kuma ya auna daidai yadda aka rubuta. Idan ya yi feshi ya ga komai ya bushe sai nau'i ɗaya ya tsaya lafiya lau, to da wuya a ce jabu ne, domin galibi jabu ba ya zaɓe, barin komai yake yi. Ya tuge abin da ya tsaya kafin ya yi fure, kada ya bar shi ya nuna don ganin kamar riba ce ta faɗo, kada kuma ya ajiye iri daga gare shi. Ya ware 'yan tsirrai da saiwarsu ya kai wa malamin gona, ya faɗa masa sunan maganin da ya fesa, da ranar da ya fesa, da inda ya samo irin da ya shuka a filin bara.